Amsoshin Tambayoyinku: Wa Ya Zuba Mini 'Yan Talla a Waya?

Tambaya:  Ni 'yar kasuwa ce, ina sayar da atamfa da mayafai a kasuwar Nima, gidana kuma yana Maamobi. Wata huɗu da suka wuce ɗana ya raka ni kasuwar wayoyi ta Circle na sayi sabuwar waya. Yaron shagon ya ce bari ya cika mini ita da kaya, ya karɓi sidi 20, ya zuba abubuwan da ni kaina ban san adadinsu ba. Tun daga ranar ban huta ba. Ina cikin kira talla ya faɗo, ina duba lokacin salla talla ya faɗo, wani na caca, wani kuma na hotunan da bakina ba zai iya faɗa ba, har jikata ta taɓa gani. Katin da na sa da safe kafin la'asar ya ragu, alhali ban kira kowa ba. Data kuwa kamar ana zuba ruwa a kwando. Maƙwabciyata ta ce ai jin maganata ake yi. Da gaske ne ana saurarena? Za a iya kwashe mini kuɗin MoMo, asusuna na waya? Ko in yar da wayar in huta? Daga wata Hajiya, Maamobi, Akra.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba da kasuwa. Riƙe wayarki tukuna, ba a kai ga yarwa ba. Baƙi iri biyu ake samu a waya irin taki. Akwai mai hayaniya, wanda ya dame ki har kika rubuto, akwai kuma mai shiru, wanda ba ya nuna kansa. Bari mu fara da mai hayaniyar.

Kin san gidajen hayarmu na Nima, ɗaki goma sha biyu a kan mita ɗaya. Kowa ya kawo kasonsa an sayi wuta, ana sa ran ta kai ƙarshen wata, sai ta ɗauke ran sha biyar. Ko da aka bincika, ashe wani ɗan haya ne ke jona abin dafa ruwa da dutsen guga in dare ya tsala. Abin da ke faruwa a wayarki ke nan. Cikin kayan da aka zuba miki akwai ɗan hayar da ke shan data da caji da kati, ke ki biya, shi ya kwashi riba. Irinsa ake kira manhajar talla.

Asalin abin ba sata ba ne. Wanda ya zauna ya ƙirƙiri manhaja ya sake ta kyauta, shi ma yana da bakin da zai ciyar. Sai ya karɓo wani ɗan guntun shiri daga kamfanonin talla ya ɗinka a jikin manhajarsa, duk lokacin da talla ya bayyana a fuskar wayarki a rubuta masa abin da bai kai kwabo ba. In aka tara na mutum miliyan, ya zama kuɗi. Mai mutunci yana tsayawa a iyakarsa: kin buɗe manhajarsa, kin ga talla a ƙasa, kin rufe, shi ke nan. Marar mutuncin shi ke biyo ki har cikin kira, ya hau kan allon kulle, ya ɓoye tambarinsa don kada ki gane wanda za ki goge. Wanda ya fi su sharri ma ba ya nuna miki komai. A ɓoye yake buɗe tallan, ya danna da kansa, ya ce wa mai talla mutum ne ya gani. Shi ya sa za ki ciro waya daga jaka ki ji ta da zafi kamar an ɗora ta a murhu, alhali tun safe ba ki taɓa ta ba.

Zancen katin da ke raguwa shi ya fi ɗaukar hankalina a wasiƙarki. Akwai hidimomin da ake biya kai tsaye daga katin waya, irin su waƙar jiran kira, wasanni, sakamakon ƙwallo, kullum a cire ɗan wani abu. A ƙa'ida sai mutum ya nema, an turo masa saƙon tabbatarwa, ya amince. To manhajar da aka ba ta izinin karanta saƙonni tana iya yin duk wannan a madadinki: ta nema, ta karanta lambar da aka turo, ta amsa, ta ɓoye saƙon. Ke dai sai ki ga kati yana narkewa kamar ƙanƙara a rana.

Wannan ya taɓa faruwa a nan Ghana ƙarara. A watan Agusta na 2020, wani kamfanin tsaron wayoyi mai suna Upstream ya fitar da rahoto cewa ya gano muguwar manhajar da ake kira Triada a cikin wayoyi kusan 53,000 samfurin Tecno W2, waɗanda aka sayar a Habasha da Kamaru da Masar da Afirka ta Kudu da Ghana. Abin da ya sa labarin ya girgiza mutane shi ne masu wayoyin ba su sauke komai ba. A cikin kwalinta wayar ta zo da ciwon. Triada kuma takan jawo wata 'yar'uwarta, xHelper, wadda ta yi suna wajen taurin kai, ko an wanke waya tas an mayar da ita yadda ta fito daga masana'anta sai ta sake tsirowa kamar ƙaiƙayi. Kamfanin Transsion na birnin Shenzhen, mai Tecno da Infinix da itel, ya ce wani ɗan kwangila ne cikin masu kawo masa kayan aiki ya cusa ta ba da saninsa ba, kuma ya fitar da gyara. Tun a 2019 Google ma ya bayyana cewa ta wannan hanyar Triada ke shiga wasu wayoyi: mai ƙera waya ya ba wani aikin ƙara mata wani fasali, wancan ya haɗa da guzurin da ba a aike shi ba. Da ɗan gari akan ci gari.

Ban kawo wannan don in ce taki haka take ba, kuma ban ce a guji wani samfuri ba. Tsohuwar waya ce W2, an daɗe da wuce ta. Ni zargina ya fi karkata ga sidi 20 ɗin nan da kika biya.

Na taɓa tsayawa a Tip Toe Lane, nan Circle ɗin, ina jiran a canza mini gilashin waya, na ga yadda ake cikawar. Wani saurayi ne a kan benci, kwamfutar cinya a gabansa, an ɗaure murfinta da salatif. Wata baiwar Allah ta miƙo sabuwar waya, ledar fuskarta ma ba a ɓare ba. Ya buɗe Xender, manhajar tura kaya zuwa waya, ya zaɓi tarin manhajoji gaba ɗaya ya tura. Wayar ta yi ta fito da gargaɗi, shi kuma babban yatsansa na ta sauka a kan amincewa, ko kallon fuskar wayar ba ya yi, hirar ƙwallo yake da na kusa da shi. Kafin in shanye ledar fiya-wata guda ɗaya ya gama, ya goge wayar da gefen rigarsa ya miƙa mata, ta yi godiya har da addu'a. Ban ga mugunta a fuskarsa ba, kuma na yi imani bai san abin da ke cikin rabin kayan ba. Shi ma wani ne ya tura masa, wancan ma daga wani shafi ya kwaso. Gargaɗin da yatsansa ya tsallake kuwa su ne ƙofofin gidan: izinin karanta saƙonni, izinin ganin lambobin mutane, izinin sanin inda wayar take, izinin hawa kan sauran manhajoji.

Cikin irin wannan tari da wuya a rasa WhatsApp na jabu, su GBWhatsApp da FMWhatsApp. Na san dalilin da ya sa ake son su, mutum ya karanta saƙon da aka goge, ya leƙa ba a san ya leƙa ba. A watan Agusta na 2021 kamfanin Kaspersky ya gano Triada ɗin nan dai a cikin wani zubi na FMWhatsApp, ta shigo ta guntun shirin tallan da aka ɗinka masa. Ki tuna lambar da ake buɗe WhatsApp da ita ta saƙon tes take zuwa. Wanda ke karanta saƙonninki yana iya buɗe WhatsApp ɗinki a wata wayar, daga nan sai 'yan ƙungiyar adashinku su ga saƙo da sunanki da hotonki, wai kin shiga wani hali a taimaka a tura miki sidi 500.

Yanzu ga batun maƙwabciyarki. Manhajar da ke buɗe makirfo da kyamara a ɓoye akwai ta, ba tatsuniya ba ce, har kotu ta yi shari'a a kanta a garin nan. A watan Mayu na 2020 Babbar Kotun Akra ta ɗaure tsofaffin manyan jami'ai uku kan dala miliyan 4 na Hukumar Sadarwa ta Ƙasa da aka fitar don sayen na'urar leƙen asiri ta Pegasus, ƙirar kamfanin NSO na Isra'ila. Amma duba kuɗin. Wanda ya kashe miliyoyin daloli, 'yan siyasa da 'yan jarida yake fako, ba cinikin atamfa ba. Idan aka samu ana sauraren talaka, galibi wani na kusa ne da ya taɓa riƙe wayar a hannunsa ya san lambar buɗe ta: miji mai zargi, saurayi, abokin ciniki. Idan wayarki ta zamani ce, daga Android 12 zuwa sama, duk lokacin da wata manhaja ta kunna makirfo ko kyamara za ki ga ɗan koren ɗigo a saman fuskar wayar. Kika gan shi alhali ba kira kike ba, ba hoto kike ɗauka ba, to a bincika.

Sai dai mai shirun da na ce miki bai ma damu da muryarki ba. Kin ce kina duba lokacin salla a waya, kuma a nan ne abin ya fi yi mini ciwo. A watan Nuwamba na 2020 mujallar Motherboard ta Amurka ta bankaɗo cewa Muslim Pro, manhajar lokutan salla da Alƙur'ani da aka sauke kusan sau miliyan 98, tana miƙa bayanan inda masu amfani da ita suke ga wani dillalin bayanai mai suna X-Mode, wanda cikin masu saye a hannunsa akwai 'yan kwangilar rundunar sojin Amurka. Masu manhajar sun musanta cewa sun sayar wa soja bayanai, amma sun yanke hulɗa da dillalin. Ba a gama wannan ba, a watan Afrilu na 2022 jaridar Wall Street Journal ta ruwaito binciken wasu masana biyu, Joel Reardon da Serge Egelman, waɗanda suka gano wani guntun shiri na wani kamfani mai rajista a Panama, Measurement Systems, a cikin manhajojin da ke kan wayoyi aƙalla miliyan 60, har da na kiran salla da na nuna alƙibla. Yana kwashe lambar waya da adireshin imel da wurin da mutum yake, a wasu ma har da abin da mutum ya kwafa zai liƙa a wani wuri. Waɗannan fa ba daga bencin Tip Toe Lane suka fito ba, a cikin Play Store suke zaune har Google ya cire su.

Ki auna abin da wurin zama kaɗai ke faɗa. Wayar da ke kwana a Maamobi, ta wuni a kasuwar Nima, ranar Laraba ta fi kowace rana motsi, ranar Juma'a a gan ta a Masallacin Ƙasa da ke Kanda, wata biyu a jere tana zuwa asibiti duk Litinin. Wanda ya riƙe wannan ya san addininki da sana'arki da lafiyarki, bai ji kalma ɗaya daga bakinki ba. Ni a ganina wannan ya fi tallan caca muni, domin talla ko ba komai yana sallama kafin ya shigo. Kuma manhajar salla ba ta da hujjar bin ki sawu da ƙafa. Ki zaɓa mata Akra da hannu sau ɗaya, ki rufe mata izinin wuri, lissafinta ba zai canza ba. Balle ma a Nima, inda ladanai ke karɓa wa juna tun kafin waya ta yi ƙara.

Kuɗin MoMo fa? Manhajar talla zalla ba ta iya taɓa su, sai da lambar sirrinki. Amma kada wannan ya sa ki saki jiki, domin akwai izini guda da nake so ɗanki ya duba da idon basira, wanda a cikin saitin waya aka rubuta masa Accessibility. Don makafi da masu lalurar hannu aka yi shi, yana ba manhaja damar karanta abin da ke fuskar waya ta kuma danna a madadin mai ita. Ɓarayin banki na intanet sun daɗe da gane amfaninsa. Tocila ko manhajar sauke bidiyo da ta nemi wannan izini, kura ce ke neman a ba ta ajiyar nama. Izinin saƙonni ma ba ƙarami ba ne, tunda duk kuɗin da ya shiga ko ya fita, da ragowar da ke ciki, ta tes ake sanar da ke. Sauran aikin kuwa da baki ake yi: a kira ki a ce an yi kuskuren turo miki kuɗi, ko a turo buƙatar cire kuɗi a ce ki sa lamba don a gyara. Babu ma'aikacin kamfanin waya na gaskiya da zai tambaye ki lambar sirri.

Akwai wasu da ban ga kin ambata ba, amma tunda sun addabi unguwanninmu bari in faɗa. Manhajojin ba da rance. Minti biyar kuɗi sun shigo, amma kafin nan sun kwafe lambobin duk mutanen da ke wayar da hotunan da ke ciki. Ranar da aka makara da biya, sai saƙo ya isa ga suruki da limamin unguwa da abokan ciniki cewa wane ɓarawo ne, wani lokaci har da hotonsa. A zango, inda mutunci shi ne jari kuma da shi ake karɓar kaya bashi, wannan ya fi kuɗin ruwan ciwo. A watan Yuni na 2023 Babban Bankin Ghana ya wallafa sunayen irin waɗannan manhajoji 97 marasa lasisi, a watan Yuli kuma jami'an Hukumar Tsaron Intanet da na EOCO, hukumar yaƙi da laifuffukan tattalin arziki, da na bankin suka kai samame a Akra suka kama mutum sama da 400. Daga ƙarshen Mayu na shekarar Google ya hana manhajojin rance da ke Play Store taɓa lambobin mutane da hotuna. Wadda aka turo ta Xender ko ta WhatsApp kuwa, wannan doka ba ta isa gare ta ba.

Kwamfutar ɗanki ma, in yana da ita, ba ta tsira ba, in irin wadda ake cika wa manhajojin da aka fasa wa kulle ce. Ko sabuwa dal ba tabbas: a 2015 aka kama Lenovo yana sayar da kwamfutoci ɗauke da manhajar talla mai suna Superfish, wadda ta raunana tsaron shafukan da ake shiga da lambar sirri, har ya biya wasu jihohin Amurka dala miliyan 3.5 a 2017.

To ga abin da za ku yi, ke da ɗanki, bayan isha'i in kasuwa ta tashi. Ya fara adana hotunanki da lambobin mutane. Sannan ya shiga saitin waya ya buɗe cikakken jerin manhajoji, domin na fuskar waya ba ya nuna masu ɓuya. Ku bi su ɗaya bayan ɗaya, yana karantawa kina amsawa. Duk wadda ba ki san aikinta ba, duk mai sunan share datti ko sanyaya batir ko ƙara sauri, duk wadda ba ta da suna ko tambari sai fili fari, a goge. Wadda ta ƙi goguwa, ya duba ko ta naɗa kanta cikin masu kula da na'urar, ya sauke ta daga kujerar tukuna. WhatsApp na jabu ya fita, a sauko da na asali daga Play Store, a sa masa lambar tabbaci ta biyu. Ya leƙa Chrome ma, domin da yawa daga tallan batsa da na caca sanarwa ce daga shafukan da aka taɓa danna wa amincewa, a nan ake rufe bakinsu. Daga nan ya kunna Play Protect ya bar shi ya zagaya. Ke kuma da safe ki kira 100, layin kula da masu hulɗa na kamfanin wayarki, ki ce a karanto miki duk hidimomin da layinki ke biya, a soke su. Sai bayan an gama shara za ki canza lambar sirrin MoMo, kada a canza makulli ɓarawo yana cikin ɗaki.

In da ni ne, tunda wayar wata huɗu kacal ta yi, da ba zan tsaya tsince-tsince ba, wanke ta zan yi gaba ɗaya in mayar da ita yadda ta fito daga kwali, in sa abu biyar ko shida da nake amfani da su da gaske. Kuma da zan yi abin da masu shagunan MoMo da yawa ke yi: layin kuɗi a ƙaramar waya mai maɓallai, wadda 'yan Akra ke kira yam, tunda lambar shiga MoMo, *170#, ba ta buƙatar intanet, babbar waya kuma a bar ta da hira da hotunan atamfa. Jikarki in za ta yi wasa, wasannin kyautan nan na yara suna cikin waɗanda suka fi cika da talla, a kashe data kafin a miƙa mata.

Idan har an taɓa kuɗinki, ko wani ya fara yi miki barazana da hotuna ko lambobin mutanenki, kada kunya ta sa ki yi shiru. Bayan kamfanin waya, ki kira 292, layin Hukumar Tsaron Intanet da dokar 2020 ta kafa. Akwai kuma Hukumar Kare Bayanai, wadda dokar 2012 ta ba ikon karɓar ƙorafi kan duk wanda ya kwashi bayanan mutum ba da yardarsa ba. Ki ajiye saƙonnin, kada ki goge, su ne shaidarki.

Bayan an wanke wayar, ki sa kati na sidi 5 ki bar shi kwana uku ba ki kira da shi ba. Kika tarar da shi yadda kika bar shi, ɗan hayar ya kwashe kayansa. Idan kuwa ya ragu, ko talla ya dawo alhali ba a sa komai ba, to ciwon a ƙashin wayar yake, sai a kai ta ofishin gyara na kamfanin da ya ƙera ta, da rasiɗinki a hannu, su sake zuba mata manhajar asali. Ki rubuto mini sunan wayar da samfurinta in hakan ta faru, mu duba tare. A gaida mutanen Maamobi.